Gonakin koko: Dalilin da ya sa aikatau da yara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

A watan Yunin 2025 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka fitar da ƙididdigar da ta nuna yara kimanin miliyan 138 ne ke aikatau a faɗin duniya, kuma miliyan 54 daga cikinsu suna aikin da ke barazana ga lafiyarsu. Adadin ya ragu idan aka kwatanta da miliyan 246 na shekarar 2000. Sai dai shekarar 2025 ita ce wa'adin da ƙasashen duniya suka ɗibar wa kansu domin kawo ƙarshen lamarin baki ɗaya, kuma wa'adin ya cika ba a kai gaci ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan yara suna Afirka kudu da Sahara, galibinsu kuma a gona suke.

Ba kowane aiki da yaro ya yi ake kira aikatau ba. Yaron da ya taya iyayensa shara, ko ya tsare shago na ɗan lokaci bayan an tashi daga makaranta, ba shi ake nufi ba. Yarjejeniyar ILO mai lamba 138 ta 1973 ta tanadi cewa kada a ɗauki yaro aiki kafin ya kai shekarun kammala karatun dole, kuma bisa ƙa'ida kada shekarunsa su gaza 15. Mai lamba 182 ta 1999 kuma ta haramta bauta da safarar yara da duk wani aiki mai haɗari ga wanda bai kai shekara 18 ba. A 2020 ta zama yarjejeniya ta farko da dukkan ƙasashen ƙungiyar suka amince da ita. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba.

Babu inda tazarar da ke tsakanin doka da aiki ta fito fili kamar gonakin koko, wato ɗan itacen da ake yin cakulan da garin da ake haɗa shayi da shi. Kwaddibuwa da Ghana ne ke noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya. A watan Satumban 2001, bayan rahotannin da suka fallasa yadda ake safarar yara daga Mali zuwa gonakin Kwaddibuwa, manyan kamfanonin cakulan suka sanya hannu kan wata yarjejeniya da 'yan majalisar Amurka biyu, Tom Harkin da Eliot Engel, suka jagoranta. Sun yi alƙawarin kawar da mafi munin nau'o'in aikatau kafin watan Yulin 2005. Wa'adin ya zo ya wuce, aka ɗage zuwa 2008, aka sake ɗagewa zuwa 2010, daga bisani aka sassauta burin zuwa rage matsalar da kashi 70 cikin 100 kafin 2020.

A watan Oktoban 2020 cibiyar bincike ta NORC da ke Jami'ar Chicago ta bayyana abin da ta gano: yara miliyan 1.56 ne ke aikatau a harkar koko a ƙasashen biyu, kuma miliyan 1.48 daga cikinsu suna aiki mai haɗari, kamar sassabe, da fasa ƙwanson koko da adda, da ɗaukar buhunan da suka fi ƙarfinsu. Yaran da ke cuɗanya da magungunan feshi sun tashi daga kashi 5 zuwa kashi 24 cikin 100 a cikin shekara goma. Abin lura shi ne, a wannan tsakanin yawan yaran da ke zuwa makaranta ya ƙaru. Yaro yana zuwa aji da safe, ya ɗauki adda da yamma.

Binciken ya kuma gyara wata fahimta da ta daɗe a zukatan jama'a. Safarar yara gaskiya ce, kuma laifi ne babba, amma mafi yawan yaran nan a gonar iyayensu ko ta danginsu suke aiki. A nan ne maganar ta haɗu da haƙƙin ma'aikaci baligi. Manomin koko yawanci ƙaramar gona gare shi, kuma kafin tashin farashin 2024 abin da ke isa hannunsa bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da mai saye ke biya a kan cakulan ba. Idan lokacin girbi ya yi, ba shi da abin biyan ɗan ƙwadago, sai ya waiwayi 'ya'yansa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wanda ya fi shi rauni: mai kula da gona a tsarin da ake kira abusa a Ghana, wanda ke karɓar kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona, da kuma 'yan ci-rani daga Burkina Faso da Mali da arewacin Ghana. Galibinsu ba su da takardar yarjejeniyar aiki, ba su da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsu. Ba banza ba ne sanarwar ILO ta 1998 ta jera haƙƙin kafa ƙungiyar ƙwadago da hana aikin tilas a sahu ɗaya da hana aikatau da yara.

Gwamnatocin ƙasashen biyu sun yi yunƙurin taɓa tushen matsalar. A 2019 suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan domin inganta kuɗin shigar manomi. Sai dai masu saye sun riƙa zaftare wani ƙarin da ake biya saboda ingancin kokon kowace ƙasa, abin da aka bayar da hannun dama aka karɓe da na hagu. Ko da farashin koko ya haura dala 10,000 kan kowane tan a watan Maris na 2024, sakamakon cututtukan bishiya da rashin kyawun yanayi, manomi bai ci moriyar nan take ba. Hukumomin koko na ƙasashen biyu ne ke yanke farashin da ake sayen kaya a bakin gona, kuma sukan sayar da yawancin amfanin tun kafin a girbe shi. A Kwaddibuwa an fara wannan kaka da sefa 1,000 kan kowane kilo, sai a watan Afrilu aka ɗaga zuwa 1,500.

Hanyar kotu ma ba ta ɓulle ba. Wasu 'yan Mali shida da suka ce an yi safararsu suna yara aka tilasta musu aiki a gonakin Kwaddibuwa sun kai ƙarar kamfanonin Nestlé da Cargill a Amurka. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta ce ƙarar ba za ta ci gaba ba, domin abin da ake ƙorafi a kai a wajen Amurka ya faru. Kotun ba ta yanke hukunci kan gaskiyar zargin ko akasin haka ba.

Yanzu hankali ya koma kan Tarayyar Turai, wadda ita ce babbar kasuwar kokon Afirka ta Yamma. A 2024 ta zartar da dokar da za ta hana shigar da duk kayan da aka samar ta hanyar aikin tilas, kuma za ta fara aiki a watan Disamban 2027. Dokar ta shafi yaron da aka yi safararsa aka tilasta masa aiki, amma ba lallai ta kai ga yaron da ke fasa koko a gonar mahaifinsa ba. Najeriya, wadda ta amince da yarjejeniyoyin ILO biyun a 2002, tana fitar da kokon jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba zuwa wannan kasuwa, don haka 'yan kasuwarta ma za su fuskanci tambayar da ake yi wa takwarorinsu na Abidjan da Accra game da gonar da kowane buhu ya fito da kuma wanda ya yi aikin.