Daga tsohuwar rediyo zuwa makami mai linzami: me ya sa sai an jira ƙwai ya yi zafi?

Jama'a masu karatu, ku tambayi dattawan Maradi da suka ga zamanin da BBC ta fara Hausa a 1957 da buɗe Rediyon Nijar a 1958. Za su gaya maku cewa rediyon wancan lokaci, in an kunna ta, sai ta yi shiru na ɗan lokaci kafin murya ta fito.

Dalili shi ne a cikinta akwai ƙwayaye na gilashi masu kama da ƙwan fitila. Kowane yana da siririyar waya, kuma ba ya aiki sai wayar ta yi ja da zafi. Wannan kan ɗauki daƙiƙa 10 zuwa 30, ga shan kuran.

Jiran da bai dami mai sauraro ba, shi ya hana sojojin Amurka barci. Makamansu masu linzami na farko, irin su Nike Ajax na 1954 da Sidewinder na 1956, da irin waɗannan ƙwayaye suke gane hanya. Jirgin yaƙi na iya cin kilomita 15 a minti ɗaya, ba zai tsaya jiran ƙwai ya yi zafi ba. Dole aka riƙa ɗumama su tun kafin harbi, abin da ke cin wuta kuma yake tsufar da su.

Maganin ya zo daga taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Ba ta neman zafi, da an kunna ta kama aiki. Ita ce ta ba mu ƙaramar rediyo mai pil, wadda ta isa ƙauyuka irin na Sae Sabuwa, cikin Gidan Runji, inda babu kuran a wancan lokaci. Da ita mai kiri da mai ƙosai suka fara jin labarin duniya a bakin sana'arsu.

Amma ƙwan bai ƙare ba. Tsohuwar tele mai ƙaton baya, wadda hotonta ke fitowa a hankali, 'yar gidansu ce. Mu dai shawararmu ga 'yan kasuwa: mai amfani da hasken rana ya guje ta, don tana cinye batir fiye da shafaffiyar tele mai girmanta. Kuma uwayenmu mata, kada ku bar yara su buɗe bayanta, domin wuta mai ƙarfi na zama a ciki ko an cire ta daga kuran. A kai wa mai gyara.