Alawa mai guba a daren Halowin: me bincike ya nuna?

Duk ranar 31 ga Oktoba, yara a Amurka kan yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alawa, kusan kamar tashen nan namu. Bikin Halowin ke nan. Kuma duk shekara iyaye na cikin fargaba, kada wani mugu ya cusa guba ko reza a ciki.

Masanin zamantakewa Joel Best ya bi diddigin rahotannin jaridu tun daga 1958, bai samu yaro ko ɗaya da aka tabbatar baƙo ya kashe shi da alawa ba. Allura da reza kam an samu jifa-jifa, amma raunin galibi ƙarami ne, wasu ma yaran ne suka kitsa abin da kansu.

Abubuwa biyu suka rura wutar tsoron. A 1974 wani yaro ɗan shekara 8 ya mutu a Texas bayan ya sha alawa mai gubar sayanaid. Ashe mahaifinsa ne, Ronald O'Bryan, ya zuba don ya karɓi kuɗin inshora. An zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Sai 1982, wata guda kafin bikin, mutum 7 suka mutu a yankin Chicago bayan shan maganin Tylenol da aka sa wa guba.

Haɗarin gaske dai yana kan titi. Wani bincike a mujallar JAMA Pediatrics da ya duba bayanan shekara 42 ya gano cewa a wannan daren, haɗarin mota ta kashe yaro mai shekara 4 zuwa 8 yana tafiya a ƙasa kan ninka kusan sau 10.