Haihuwa a Gida a Amurka: Mai Araha, Amma Inshora na Ja da Baya

A Amurka, macen da ta haihu a asibiti ba tare da tiyata ba, kuɗin awon ciki da haihuwarta kan haura dala 14,000, kuma kamfanin inshora ne ke biyan kaso mafi tsoka. Wadda ta zaɓi haihuwa a ɗakinta a hannun ungozoma mai horo kuwa, abin da ake nema bai cika wuce dala 5,000 da wani abu ba, amma sau da yawa daga aljihunta za ta fitar. Duk da haka masu wannan zaɓi sai ƙaruwa suke yi. A 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun asibiti, jarirai fiye da 50,000 aka haifa a gida.

Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta wajabta wa yawancin tsare-tsaren inshora ɗaukar nauyin ciki da haihuwa, sai dai ba ta tilasta musu biyan haihuwar gida ba. Ta wannan ƙofa kamfanoni suke zillewa.

Abin da suke fara dubawa shi ne takardar ungozomar. Akwai wadda ta yi karatun jinya kafin ta ƙware kan karɓar haihuwa, ana kiranta CNM; kowace jiha ta amince da ita, kuma dole Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ta biya aikinta. Matsalar ita ce yawancinsu a asibiti suke aiki. Masu zuwa gida galibi waɗanda suka koyi sana'ar kai tsaye ne, wato CPM, su kuma ba kowace jiha ke ba su lasisi ba. Jihar Vermont ta yi doka a 2011 ta ce kamfanoni su biya haihuwar gida, Medicaid ma tana biya a jihohin Washinton da New Mexico. To amma idan babban kamfanin da mace ke wa aiki ne ke biyan kuɗin magani daga asusunsa, wata dokar tarayya ta 1974 ce ke hukunci, ta jiha ba ta hau kansa ba.

Waɗanda suke samun nasarar sa inshora ta biya, tun cikin yana ƙarami suke fara bin takardu. Mace za ta kira kamfanin, ta nemi a rubuto mata abin da tsarinta ya tanada, don alkawarin waya ba hujja ba ne. Idan babu ungozomar gida ko ɗaya cikin jerin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su, tana iya neman a biya tata kamar tana cikin jerin. Bayan an sauka lafiya, ungozoma za ta ba ta takardar kuɗi ɗauke da lambobin kowane aiki, ta miƙa wa kamfanin a mayar mata da kuɗinta. In aka ƙi, tana da kwana 180 ta ɗaukaka ƙara, in an sake ƙi kuma masu bita na waje su duba.

Kamfanonin ma ba su rasa abin faɗa ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce asibiti da cibiyoyin haihuwa masu rajista sun fi aminci, ta kuma hana haihuwar gida ga mai tagwaye, da wadda ɗa ya kwanta mata ba daidai ba, da wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Wannan gaskiya ne. Sai dai ƙin biyan mai lafiyayyen ciki, a ganina, ya fi kama da tsohon tsari da ba a son taɓawa. A Holand inshora na biyan haihuwar gida gaba ɗaya; wadda ta je asibiti ba da dalilin likita ba ita ce ke cika kuɗi.

'Yan'uwanmu mazauna Amurka da ke da wannan niyya, ku binciki lasisin ungozoma da amincewar kamfani a rubuce kafin ku ba da kafin alƙalami.