Shiri na Musamman: Wa Zai Zana Wa Yaran Zuru Gwarazansu?

Yau daga Zuru za mu leƙa Amurka, mu ga yadda 'yan asalin Latin Amurka suke gabatar wa yaransu gwarazansu a littattafan hotuna.

A 1996 ma'aikatan ɗakunan karatu suka kafa lambar yabo mai sunan Pura Belpré, mace ta farko 'yar Puerto Rico da ta yi aikin laburare a birnin New York. Marubuta da masu zane ake ba wa. Daga cikin waɗanda suka samu akwai Yuyi Morales, saboda littafinta na 2014 kan Frida Kahlo, mai zanen nan ta Meksiko da ta fara zane a kwance bayan hatsarin mota.

Littafin da ya fi kama ni shi ne na Duncan Tonatiuh kan Sylvia Mendez. Tana ƙarama aka hana ta shiga makarantar fararen fata a Kalifoniya, iyayenta suka kai ƙara, a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa su ke da gaskiya. Shari'a ce mai nauyi, amma an zana ta yadda ɗan aji uku zai gane, har ransa ya ɓaci.

To mu fa? Yaron Zuru ya san bikin Uhola da idonsa, ya ji yadda samari ke noman Golmo kafin a ba su mata. Ya san garinsu garin sojoji ne. Amma shiga kantin littattafai ka nemi ɗan littafi mai launi da aka rubuta da harshen C'Lela ko Hausa kan wani gwarzon Lelna, wato mutanen Zuru, ka ga ko ba za ka sha yawo ba. Ba a Zuru kaɗai ba ma: Ladi Kwali, mai ginin tukwane, tana bayan takardar naira ashirin. Yara na sayen alewa da hotonta ba su san ko wace ce ba. Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan 'yancin mata su jefa ƙuri'a. Nana Asma'u kuwa jajinta, wato matan da ta horar, sun shiga ƙauyuka suna karantar da mata.

Labari dai ga shi jingim. Mai zane ne da kuɗin ɗab'i suka yi ƙaranci, domin buga littafi mai launi ba arha.

Bayan wannan ɗan kiɗa, za mu koma kan batun kuɗin.