Shin Ko Kun San? Jirgin Cikin Bututu

Shin ko kun san idan mota ta ware da gudu, iska ce ke cinye mafi yawan ƙarfinta? Ku miƙa hannu ta taga a hanyar Anka zuwa Daki Takwas, za ku ji yadda take tankwasa tafin baya. Dalilin ke nan da injiniyoyi suka ce a gina dogon bututun ƙarfe, a zuƙe kusan duk iskar cikinsa, tarago ya riƙa shawagi ciki babu taya a ƙasa. Sunansa Hyperloop.

A watan Agustan 2013 Elon Musk ya fitar da tsarinsa: gudun kilomita 1,200 a awa ɗaya, daga Los Anjalis zuwa San Faransisko cikin minti 35, ginin layin kuma a kan dala biliyan 6. Da wannan gudu, kilomita 100 tafiyar minti 5 ce kacal.

To amma shin ko kun san inda maganar ta kwana? A watan Nuwamban 2020 aka fara gwada shi da mutum biyu a hamadar Nebada ta Amurka, cikin bututu mai tsawon mita 500, gudun kuwa bai wuce kilomita 172 a awa ɗaya ba. Kamfanin Hyperloop One da ya yi gwajin ya tara fiye da dala miliyan 450, duk da haka ya rufe a ƙarshen 2023. Har yau babu layi ko ɗaya a duniya da fasinja ke yankar tikitinsa.

Zafi kaɗai matsala ce babba. Duk wanda ya yi ƙailula ƙarƙashin rufin kwano a Bukkuyum cikin bazara ya san ƙas-ƙas ɗin da kwanon ke yi: ƙarfe ne ke miƙewa. Idan zafi ya ƙaru da digiri 20, bututun ƙarfe mai kilomita 100 zai ƙara tsawon kusan mita 24, kuma ana so kada iska ta samu kafar shiga ko ta kan allura. A yankin da ke fama da 'yan bindiga, harsashi ɗaya ya isa ya tsayar da layin duka.

Kuɗin fa? An ƙiyasta layin Hyperloop daga Dubai zuwa Abu Dabi a kan kimanin dala miliyan 32 kowane kilomita. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, an ba da kwangilarsa kusan dala biliyan 2, wato wajen miliyan 7 kowane kilomita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda tun 1929, amma har yau dogo bai taka Anka, Gummi ko Bukkuyum ba. Manomin shinkafa a Gummi titi mai kyau yake nema, wanda zai bi ya kai buhunansa Gusau ya dawo gida lafiya. Shugabanni, a fara da wannan.