Daga Gobir zuwa ƙasar waje: Yadda ɗalibin zane ke rayuwa tsakanin fenti, haya da kiran gida

A Gatawa da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, idan aka ce wane ya tafi karatu ƙasar waje, abin da ke zuwa a ran mutane shi ne likitanci, ko injiniyanci, ko kuma ilimin addini a Madina da Azhar. Da wuya a ji uban da ya sayar da sa ko ya jinginar da gona domin ɗansa ya je ya koyo zane. Tambayar da za a fara yi wa yaron ita ce: in ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?

Amma fasaha ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Daga Tubali, a tsohuwar ƙasar Isa, Ibrahim Narambaɗa ya fito, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i. Akwai dukawa masu ƙawata fata, da masu zanen ƙwarya, da alarammomi masu zayyanar allo. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana shiga hannun masu ɗinkin bangon littafi a Ingila. Kai, Bagobiri ma a fuskarsa yake yawo da zane. Abin da bai saba ba shi ne a shiga aji, a biya kuɗi, a kuma karɓi takardar shaida a kan wannan aiki.

Bakanike da ya je Kanada

Misali mafi kusa da wannan yanki na matashin da ya tsallaka teku don koyon zane yana tsallaken iyaka, a Jamhuriyar Nijar. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya fara ne da aikin kanikanci. Tun yana yaro yake tara jama'a da dare yana nuna musu wasan inuwa da fitila da zanen da ya yi da hannunsa. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, wanda ya buɗe masa hanyar zuwa Hukumar Fina-finai ta Kanada da ke Montreal. A can ya koyi aiki a wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane da ya yi suna wajen yin zane kai-tsaye a jikin zaren fim.

Duk wanda ya san wannan sana'a ya san irin zaman da take ci. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu don a rage wahala, minti ɗaya na bukatar zane 720. Kowanne kuma sai ya ɗan bambanta da na bayansa, hannu ya ɗaga kaɗan, ido ya juya kaɗan. Haka ranar ɗalibi take ƙarewa a kan teburi mai fitila a ƙarƙashi, a birnin da sanyin hunturu kan kai digiri 20 ƙasa da sifili.

Abin da Alassane ya fito da shi daga wannan horo ya nuna inda hankalinsa yake. Fim ɗinsa na zane, La Mort de Gandji, na 1965, labarin kwaɗi ne da fadar sarkinsu. A 1966 ya sake dawowa da kwaɗi a Bon Voyage Sim, inda ya yi wa tafiye-tafiyen shugabannin Afirka shaguɓe. A shekarar kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Wanda bai daɗe da dawowa daga waje ba ne ya shirya fim a kan haɗarin tsarabar da ake kawowa daga waje, kuma ya yi shi cikin raha.

Lissafin safe da yamma

Ɗalibin zane na yau yana da abin da Alassane bai samu ba, wato waya a aljihu da kwamfutar da ke rage rabin wahalar. Sai dai lissafin kuɗinsa ya fi tsanani.

Karatun zane ya bambanta da sauran darussa ta wajen kashe kuɗi. Ɗalibin tarihi ko shari'a zai iya dogara da laburare. Mai zane kuwa kullum cikin saye yake: fenti, buroshi, takarda mai kauri, yadin da ake ɗaurewa a katako a yi zane a kai, gawayin zane, kuɗin buga hoto. Makarantu da yawa ba sa haɗa waɗannan a kuɗin makaranta. Aikin da malami ya ce bai yi ba, an yi asarar kayan ke nan, sai a sake sayo wasu. Shi ya sa ɗalibai marasa ƙarfi kan tsinci kwali da guntun katako, su shafe tsohon zane da farin fenti su ɗora sabo a kai.

Sannan ga dokokin biza. A farkon 2025 Birtaniya ta ɗaga kuɗin da take so ɗalibi ya nuna yana da su don zama a Landan zuwa fam 1,483 a kowane wata, har na wata tara, ban da kuɗin makaranta. Mai karatun digiri ba shi da izinin yin aiki fiye da awa 20 a mako lokacin da ake zangon karatu. Kanada ta ɗaga nata adadin zuwa dalar ƙasar 20,635 daga Janairun 2024. Waɗannan awanni na aiki galibi a wankin kwanuka, jeren kaya a kanti ko kula da tsofaffi suke tafiya. Mai zane kuma da hannu da ido yake aiki, kuma su ne suke fara gajiya bayan tsayuwar dare.

Faɗuwar Naira ta ƙara dagula lamarin. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da iyaye suka tara na shekara biyu sai ya koma bai kai na shekara ɗaya ba. A 2024 an ga yadda wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila suka rasa gurbinsu saboda sun kasa biya a kan lokaci. Su ma waɗanda ke kan tallafin gwamnatin tarayya a ƙasashe irin su Maroko da Rasha sun yi ta kukan rashin biyan alawus, kafin Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shirin a 2025. Sudan, wadda ta kasance mafaka mai sauƙin kuɗi ga 'yan Arewa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe ƙofarta, aka kwaso ɗalibai a motocin bas zuwa iyakar Masar.

Ajin da babu amsa ɗaya

Abin da ya fi girgiza sabon ɗalibi a makarantar zane ta Turai ko Amurka shi ne zaman sukar aiki. Ana jingina zanen mutum a bango, malami da 'yan aji su kewaye shi, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da bai gamsar da shi ba, mai aikin kuma ya kare kansa. Yaron da ya tashi a gidan da ba a ɗaga ido a kalli malami, balle a yi masa musu, yakan ɗauki watanni kafin bakinsa ya buɗe. Shirun da ake yaba masa a gida a matsayin ladabi, a nan ana iya ɗaukarsa rashin abin faɗa.

Akwai kuma darasin zana jikin ɗan Adam, inda a makarantu da dama ake kawo mutum ya tsaya ba tufafi ɗalibai su zana shi. Ga Musulmin da ya fito daga ƙasar Gobir wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun kafin a kai ga tsiraici, malamai sun yi saɓani a kan zana mai rai. Ɗalibai kan bi hanyoyi daban-daban. Wani ya nemi a ba shi wani aikin a madadi, wani ya karkata zuwa zanen rubutu, zanen yadi, tukwane ko tsara hoto a kwamfuta, wani kuma ya shiga ajin ya bar abin a cikinsa. Wanda yake shirin tafiya gara ya tambayi makarantar tun kafin ya biya ko sisi.

Wata matsalar ta fi wannan ɓoyuwa. Da zarar malamai sun ji ɗalibi daga arewa maso yammacin Najeriya yake, sai a fara sa ran ganin bindiga da gudun hijira a zanensa. Irin wannan aiki yana jan hankali, yana iya kawo kyauta. Amma matashin da yake son zana kasuwar garinsu ranar da ta cika, ko hannun kakarsa a kan ƙwarya, yana da haƙƙin yin hakan ba tare da an ce ya guje wa gaskiya ba.

Sauran rayuwar kuwa ƙananan abubuwa ne da suke taruwa. A Landan cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, Azahar da La'asar da Magariba duk su faɗo cikin lokacin aji, ga shi mai fenti yana bukatar hasken rana don ya ga launi daidai. Cikin Yuni kuma Magariba sai bayan tara na dare. Tuwo sai na garin semo, kuka da daddawa sai wanda ya zo daga gida ya taho da su a ƙulle.

Idan waya ta yi ƙara

Ɗalibin da ya fito daga Legas ko Abuja yana kiran gida ne ya ji lafiya. Na Gatawa yana kira ne da fargaba. A Satumbar 2021 gwamnatin Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, ciki har da Sabon Birni da Isa, mutanen bakin iyaka suka koma neman sabis da layukan Nijar. Tun 2019 dubban mutanen yankin suke tsallakawa jihar Maraɗi gudun hijira. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, bidiyonsa ya karaɗe wayoyi, cikin watan Agusta aka sanar da rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi. Duk ɗan yankin da ke waje a waya ya ga wannan, shi kaɗai a ɗaki, kuma washegari akwai aji.

Ga kuma nauyin zato. A gida, wanda yake Turai mai kuɗi ne, ko da ɗalibi ne. Idan aka ɗora wa ƙauye haraji, ko aka sace ɗan'uwa ana haɗa kuɗin fansa, sunansa yana cikin na farko da za a kira. Kuɗin da ya ware na fenti ko na haya shi ne zai tura, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Abin da ba a faɗa shi ne, zangon karatun kan tafi tare da kuɗin.

Wa zai kalla in an dawo?

Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, ya yi karatu a makarantar zane ta Slade da ke Landan a shekarun 1950. Da ya koma Khartum ya baje ayyukansa irin na Turawa, sai ya lura mutanensa ba su ga kansu a ciki ba. Wannan ya sa ya koma kan harafin Larabci da ƙawar da ya tashi yana gani a allo da kayan gida, ya gina salon da ya kai shi har gidan baje-kolin Tate Modern a 2013. Matasan Zariya ma sun yi irin wannan muhawara a 1958, lokacin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu don haɗa abin da Turawa ke koyarwa da fasahar gida. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan har yau, kuma ga mafi yawan yaran Sabon Birni da Isa ya fi Landan kusa da aljihu nesa ba kusa ba.

Kasuwar zane ta Najeriya a Legas take, sai ɗan abin da ba a rasa ba a Abuja. Wanda ya dawo Arewa yakan rayu ne da koyarwa, zanen bangon littafi, tallace-tallace, ƙawata masallatai da gidaje, ko aikin da ake ba shi ta intanet.

Alassane ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai shekaru da dama, sannan ya koma Tawa da zama, inda ya buɗe masauki ya mayar da wani ɓangarensa ɗakin aiki. A can ya ci gaba da haɗa 'yan tsana da zana kwaɗinsa, har da fim ɗin Kokoa da ya sa su kokawar gargajiya, kuma da girmansa ya koyi yin zane da kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu cikin Maris na 2015. Bayan shekara biyu gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa.