Daga Maƙera Zuwa Kwalejin Fasaha: Yadda Aka Tsara Koyon Sana'a da Horon Ma'aikata a Ƙasar Kano

Gabatarwa

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, da kuma bayan na ajiye aiki, iyaye da malaman makaranta sun sha tambaya ta hanyar da yaro zai bi idan ya gama ƙaramar sakandare kuma hankalinsa ya fi karkata ga aikin hannu. Na lura da yawa daga cikinsu sun san sunayen makarantu da hukumomi, amma ba su san yadda aka ɗinke su da juna ba. A fahimtata, kowane tsarin koyon sana'a yana amsa tambayoyi uku ne: wa zai koyar, wa zai shaida cewa an iya, wa kuma zai ɗauki nauyi. Da waɗannan tambayoyi zan auna tsarin kakanninmu da na zamani.

Tsarin Gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa, Kano ta shahara da sana'o'i. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ta tara maƙera da dukawa da masaƙa da maɗinka. Baturen nan ɗan yawon duniya, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuma yi mamakin yadda tufafin da ake saƙawa da rinawa a nan suke kaiwa ƙasashe masu nisa. Wannan ƙwarewa ba haka kawai ta samu ba, akwai tsarin horo a ƙarƙashinta, ko da yake ba a rubuce yake ba.

Makarantar ita ce gidan gado. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga wuta da ɗebo gawayi, ya daɗe a kan haka yana kallon hannun mahaifinsa. Sai a ba shi awartaki ya riƙe ƙarfe, daga nan ya kama masaba, ya fara da ƙananan abubuwa kamar basilla da ƙusa, kafin a amince masa da fartanya ko garma. A marina ma haka abin yake: yaro zai fara da ɗebo ruwa da toka, ya koyi haɗa baba, kafin a bar shi shi kaɗai a bakin karofi. Mata kuwa a cikin gida suke koyon kaɗi da kitso da ɗinkin hula a wurin iyayensu. Wanda bai gada ba, mahaifinsa ne zai kai shi wurin mai sana'ar ya damƙa amanarsa, ya zauna yana yi wa maigidan hidima, shi kuma yana ci da shi.

Kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da shugaban magina, wanda a Zazzau ake kira Babban Gwani. Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, shi ne mafi shahara a cikinsu. Waɗannan shugabanni su suke sasanta rigima, su tsawata wa mai ha'inci, su kuma tara mutanensu idan aikin sarki ya taso. Saboda haka amsar tambayoyin nan uku tana hannun mutum ɗaya ne. Maigida shi ne malami, shi ne mai jarrabawa, shi ne kuma zai yaye yaro ya ba shi kayan aiki ko ɗan jari. Raunin tsarin shi ne, shaidar ba ta wuce inda aka san maigidan, kuma da wuya yaro ya san abin da ya wuce sanin malaminsa.

Zuwan Turawa

A 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Ban da ajin 'ya'yan sarakuna da na malamai, akwai sashen sana'a, inda aka ɗauko gwanayen gari suna koyar da ƙira da dukanci da sassaƙa da ɗinki. Wato a karon farko an kai maigidan sana'a cikin makaranta, an yanka masa albashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai buƙata ta sauya. Hukumar jiragen ƙasa da ma'aikatar ayyuka da En'e suka riƙa horar da nasu kafintoci da birkiloli da makanikai a bakin aiki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarƙashin shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946, aka kafa cibiyoyin koyon sana'a a Yaba da Enugu da Kaduna. A 1956 aka buɗe Cibiyar Fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. A wancan lokaci jarrabawar da ake alfahari da ita daga Landan ake aiko ta. Daga nan ne amsoshin uku suka rabu: malami daban, mai jarrabawa daban, mai biya daban.

Matakan Tsarin Zamani

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ta haifi tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Nufinsa shi ne kowane ɗalibi ya ɗanɗana aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, domin a gane inda baiwarsa take. Daga baya shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1999 ya haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na tushe, amma mararrabar tana nan a inda take, wato ƙarshen aji uku.

Daga wannan mararraba, mai son sana'a yakan shiga kwalejin fasaha ya yi shekara uku yana koyon gini ko kafinta ko walda ko gyaran mota ko aikin lantarki. A Jihar Kano waɗannan kwalejoji, irin na Wudil da Bagauda da Ungoggo, suna ƙarƙashin Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha, wadda ta samo asali daga makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977. Jarrabawar ƙarshe kuwa hukumar NABTEB ce take shirya ta, wadda aka kafa a 1992, hedikwatarta tana Benin. Ya kamata malamai su sani cewa takardar NABTEB ba rufaffiyar ƙofa ba ce, domin ana karɓar ta wajen neman shiga manyan makarantu idan sakamakon ya cika sharuɗɗa.

Mataki na gaba shi ne kwalejin kimiyya da fasaha, inda ake yin ƙaramar difloma a shekara biyu, a fita a yi shekara ɗaya a masana'anta, sannan a dawo a yi babbar difloma a wasu shekaru biyun. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma take Kaduna, ita ce take tsara manhaja, take kuma zagayawa ta duba malamai da ɗakunan aiki kafin ta amince da kowane kwas. Su kuma malaman da za su koyar da sana'a, ana horar da su a kwalejojin ilimi na fasaha, kamar na Bichi da Gombe da Potiskum.

Horon Wanda Yake Bakin Aiki

Wanda ya riga ya kama aiki shi ma yana da nasa tsari. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos. Dabarar da aka yi ita ce, kamfanin da doka ta hau kansa yakan zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a shekara, idan kuma ya nuna shaidar cewa ya horar da ma'aikatansa yadda aka amince, sai a mayar masa da wani kaso. Ta haka, wanda ya ƙi horarwa shi ne da asara. Asusun ne kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ake tura ɗalibai wuraren aiki na 'yan watanni.

Mu ma'aikatan gwamnati, iyayenmu a aiki Kongo ta Zariya suka je, inda makarantar akawu ta 1947 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954. A zamaninmu an ƙara da kwalejin ASCON ta Badagry, wadda aka kafa a 1973. Mai sana'ar hannu da bai yi makaranta ba kuwa, yana iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda take hawa uku, daga daraja ta uku zuwa ta ɗaya. Bugu da ƙari, lokacin da rashin aiki ya tsananta a tsakiyar shekarun 1980, an kafa hukumar NDE, wadda ta riƙa tura matasa wurin masu garejoji da teloli tana biyan kuɗin koyo. Mai karatu zai lura cewa wannan komawa ce ga tsarin maigida da yaronsa.

Inda Gizo Yake Saƙa

A ƙarshen shekarun 1980 aiki ya kai ni wata ƙaramar sakandare a karkara. Shugaban makarantar ya buɗe mini wani ɗaki, sai ga akwatunan injinan koyar da fasaha da aka sayo daga ƙasashen waje, ko ƙusa ba a cire ba, gara ta fara cin katakon. Babu wutar lantarki a garin, babu kuma malamin da ya san yadda ake harhaɗa su. Ɗalibai suna zana hoton zarto a littafi. Da na fito, a bakin tasha na tarar da wani mai walda da yara kusan goma, kowa hannunsa baƙi ƙirin, suna aiki da ɗan janareto. Waɗancan za su fita da takarda ba hannu, waɗannan kuma da hannu ba takarda.

Har yau mafi yawan matasanmu a gareji da shagon tela da wurin gyaran waya suke koyon sana'a. Saboda haka ne NBTE ta fito da tsarin matakan shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda a cikinsa mai gwaji zai je ya ga mutum yana aikinsa, ya auna shi, a ba shi takarda daidai da abin da hannunsa ya iya, ko da bai taɓa zama a aji ba. Idan aka riƙe wannan da gaskiya, zai iya zama gadar da ta daɗe da karyewa tsakanin hanyoyin biyu.

Kammalawa

Shawarata ga malamai ita ce, kada a mayar da kwalejin fasaha wurin jefa yaron da ya kasa. Aikin lantarki da gyaran injin zamani suna buƙatar lissafi da karatu sosai. A duba baiwar yaro tun yana aji ɗaya, a zauna da iyayensa, a bayyana musu matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga ya shiga gareji a ƙarfafa masa ya nemi shaidar gwaji. Dattawanmu masu sana'a kuwa, ina roƙonsu da su ci gaba da karɓar yara, su kuma bar su su je makaranta da safe. Hausawa sun ce sana'a sa'a, amma sa'ar takan fi zuwa ga wanda aka nuna wa hanya da wuri. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.